Hawan Chappal Waddi a watan Agusta: amsa ga masu shirin tafiyar ƙafa a Mambila

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kano. Mu huɗu ne, kuma za mu samu hutu a watan Agusta. Mun daɗe muna kallon bidiyon Turawa suna goya jaka su shiga tsaunuka a hutunsu na bazara, su kafa tanti su kwana. Da muka ga hotunan Mambila sai muka ce ashe muna da namu a gida. Niyyarmu mu hau Chappal Waddi, tunda an ce shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya. Babu wanda ya taɓa irin wannan tafiya a cikinmu, amma muna buga ƙwallo, jikinmu da ƙwari. Kwana goma muka ware. Zai yiwu? Me za mu riƙe, kuma ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, don ba kasafai ake samun yaranmu suna sha'awar taka ƙasarsu da ƙafa ba. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya a dunƙule: ko Agusta lokacin wannan tafiya ne, da kuma ko mutum huɗu da ba su taɓa kwana a daji ba za su iya farawa da dutsen da ya fi kowane dutse a ƙasar nan. Na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa, ina kuma fita da ɗalibai tafiyar ƙafa a duwatsun Filato da na Taraba, kuma shawarata ita ce ku je Mambila a Agusta in kuna so, amma ku bar Chappal Waddi sai ruwa ya ɗauke. Bari in faɗa maka dalili, don kada ka ɗauka tsoro nake ba ka.

Kalmar bazara ce ta ruɗe ku

Watannin Yuni, Yuli da Agusta su ne lokacin ɗumi a Turai. Ƙanƙara ta narke a hanyoyin tsaunukansu, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, shi ya sa kowa yake ɗaukar jaka ya fita. 'Yan jarida sukan fassara wannan lokaci da bazara, sai mai karatu ya zaci abu ɗaya ne da namu. Bazararmu kuwa Maris ce da Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafi ke gasa mutane kafin saukar ruwa. Agusta a wurinmu tsakiyar damina ce, lokacin marka, sa'ad da ake kwana ana wuni ana ruwa.

Kuma daminar Mambila ta fi wadda ka sani a Kano nesa ba kusa ba. Iskar da ke ɗauko danshi daga tekun Atlantika tana tahowa ta kudu maso yamma, in ta ci karo da tudu dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke abin da ta ɗauko. Tudun Mambila yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, saboda haka ruwan da yake samu a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma yana farawa da wuri ya daɗe bai ɗauke ba. Koren da ya ja hankalinku a hotuna, wannan ruwan ne ya yi shi.

Shi kuwa Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419 ne. Yana jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun daji na tarayya faɗi, sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa. Hedikwatar gandun tana Serti. Dutsen ba ya bukatar igiya ko ƙusoshin da kuke gani a bidiyo, tafiya ce zalla a kan ciyawa da duwatsu. Tsayin ma bai kai inda numfashi ke gagarar yawancin masu lafiya ba, sai dai haki. Wahalar tana cikin isa gindinsa: kwanaki a ƙafa ko a bayan acaɓa, a hanyoyin shanu, da rafuka barkatai da ba su da gada.

Rafi

A nan zan ɗan daɗe, don shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ku lura da sunayen garuruwan yankin, irin su Mayo Selbe da Mayo Ndaga. Mayo a Fulatanci kogi ne, kuma ba banza aka sa wa wuraren wannan suna ba.

Wata damina na fita da ɗalibai tafiyar wuni ɗaya a kan tudun. Da hantsi muka tsallake wani rafi, ruwan iya idon sawu, garai-garai har kana ganin tsakuwa, yara suna wasa a ciki. Ko takalmi ba mu cire ba. Wunin ranar ko ɗigo bai taɓa mu ba, sai dai muna hango hadari ya yi baƙi a kan duwatsun gabas. Da la'asar muka dawo, tun daga nesa muka fara jin ruri kamar na injin niƙa. Rafin nan ya koma jajawur, ya shanye duwatsun da muka taka da safe, yana tafe da rassan itace, kana jin ƙarar manyan duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa. Masaukinmu yana tsallake, muna hango rufin kwanonsa. Wani yaro a cikinmu, gwanin iyo ne a garinsu, har ya fara naɗe wando. Wani dattijo Bafulatani da ke zaune a bakin gaɓa ya nuna masa shanunsa da ke tsaye cirko-cirko, wato su ma da suka fi shi nauyi jira suke. Ya soka wani kara a daidai bakin ruwan, ya koma ya zauna yana duba shi jifa-jifa. Magariba ta yi ruwa bai bar karan ba. A rugarsu muka kwana, aka ba mu tuwon masara da nono, muka yi ta rawar ɗari cikin jiƙaƙƙun kaya. Da gari ya waye karan yana tsaye a busasshiyar ƙasa, taku biyu daga ruwa, muka haye yana kai mana gwiwa.

Abin da ya faru shi ne ruwan da aka yi a saman dutse ya gangaro gaba ɗaya. Ƙasar Agusta ta riga ta ƙoshi, ba ta ƙara shan komai, kuma gangaren yana da tsayi, don haka rafin dutse yana cika cikin sa'a guda ko ƙasa da haka, ya kuma janye cikin 'yan sa'o'i. Mu rafi ɗaya ne ya tsare mu, kuma muna kusa da mutane. Mai zuwa Chappal Waddi zai tsallake da dama a tafiya, ya sake tsallake su a dawowa. Ka ɗauka kun shiga tsakanin biyu sun cika a lokaci guda, abinci ya ƙare, wani ya gurɗe, waya kuma babu sabis.

Ƙa'idar da nake bi ba ta da wuya. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba na shiga, ba na kuma barin ɗalibi ya shiga. In ya yi ja yana ɗauke da itace, ko bai kai gwiwa ba jira ake. Idan za a haye, a nemi inda ya yi faɗi, don a nan ƙarfinsa ke raguwa, a fuskanci inda yake fitowa, a dogara sanda, a kwance maɗaurin ƙugu na jaka yadda in an faɗi za a iya yar da ita. Ba a cire takalmi, kuma ba a ɗaura igiya a ƙugun kowa, don in ya faɗi igiyar ce za ta danne shi a ƙarƙashin ruwa.

Sanyi da tsawa

Mutumin Kano yana ganin ya san sanyi saboda hunturu, amma wannan busasshen sanyi ne. A duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Kano ba ta kai mita 500 ba, to ka ga ƙolin Chappal Waddi zai gaza ta da wajen digiri 12, kafin a sa iska da ruwa a lissafi. Jiƙaƙƙen mutum da iska ke bugu yana iya galabaita ko da sanyin bai kai na ƙanƙara ba. Alamar farko rawar ɗari ce, sai tuntuɓe, sai magana ta fara harɗewa, mutum ya yi shiru ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. In kun ga haka a tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a ba shi shayi mai zafi da sukari. Ƙwallon da kuke bugawa ba ta kare mutum daga wannan. Hasali ma masu jin ƙarfi su suka fi ƙin faɗa in sun fara jin jiki.

Tsawa kuwa, saman tudun fili ne fetal, ciyawa ce kawai, mai tafiya a kan doro shi ne abu mafi tsawo a wurin. Hadari ya fi haɗuwa daga azahar zuwa yamma, saboda haka a damina nakan fita bayan asuba in tabbatar na sauko daga kan doro kafin azahar. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji rugugi. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a gangara kwari, a warwatsu kada a cunkushe wuri ɗaya, a kuma nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, duk da ita ce zuciya za ta ce a fake a ƙarƙashinta. Ga kuma hazon gajimare, wanda kan rufe tudun har ka kasa ganin abokinka a taku goma. Ko da kun sha wahala kun kai ƙoli a Agusta, mai yiwuwa abin da za ku gani fari ne fat ta kowace fuska.

Yadda zan kashe kwana goman nan

Da ni ne ku, zan cire kwana huɗu na mota tun farko. Daga Kano ta Gombe da Numan zuwa Jalingo wuni ne cur. Daga Jalingo ta Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, sannan hawan nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kai mutum Maisamari da Nguroje da Gembu, shi ma wuni ne, kuma a damina gada ko zaftarewar ƙasa na iya ƙara muku wani. Ku yi wannan hawan da rana. Direbobin tashar Jalingo sun fi kowa sanin halin da hanya take a makon, su za ku tambaya.

In kun hau, ku kama masauki a Nguroje ko Gembu, ku riƙa fita da safe kuna dawowa kafin hadari. Wannan ita ce tafiyar da ta dace da Agusta, kuma ba ƙaramin abu za ku gani ba. Gonakin shayi na Kakara, inda ake yin Highland Tea, sun cancanci wuni guda. Akwai dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, kurmin kan dutse ne da ya rage, har da birai masu kama da mutum a cikinsa, amma keɓaɓɓen daji ne, sai da izinin masu kula da shi da ɗan rakiya. Ko ba ku je ko'ina mai suna ba, ku bi hanyar shanu daga wannan tudu zuwa wancan, ta cikin layukan bishiyoyin turare da gonakin masara. Jajayen shanu masu dogon ƙaho suna kiwo a cikin gajimare da sassafe, ban taɓa gajiya da kallonsu ba. A ƙarshe in kun ga jikinku ya karɓa, ku yi tafiyar kwana ɗaya zuwa wani ƙauye da ɗan gari a gaba, ku gwada tantin a kusa da mutane.

Wajen auna nisa, akwai lissafin da wani ɗan Sikotlan mai suna Naismith ya fitar a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A taɓon Mambila da jaka a baya, ni kilomita 3 nake lissafawa. Kuma in ɗan gari ya ce maka "nan ne kusa", ka tambaye shi ƙarfe nawa zai isa in ya tashi bayan asuba, sannan ka ninka.

Idan kuɗin mota ya yi yawa, duwatsun Shere da ke gabashin Jos sun fi kusa da ku. Ƙolinsu ya ɗan haura mita 1,800, ana hawa a sauko a wuni ɗaya, kuma a nan makarantar horon Man O' War take. Sai dai falalen dutse in ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu, sannan kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato suna da zurfi, ba na wanka ba ne.

Kaya

Kada jakarka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13, kuma ka tuna kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. Sababbi kullum kaya ke kayar da su. Na taɓa zazzage jakar wani ɗalibi da ya kasa tafiya, na tarar da shadda kala biyu da turare da takalmin zuwa biki.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kaya kala ɗaya busassu, da rigar sanyi da safa da hula, a ɗaure cikin leda biyu, ba a taɓa su sai za a kwanta. Da safe a mayar da jiƙaƙƙun jiya, duk da babu daɗi. Wandon jins ku bar shi a gida, in ya sha ruwa nauyi yake yi kuma ba ya bushewa. Rigunan ƙwallonku sun fi shi amfani. Ku nemi rigar ruwa ta gaske, irin ta 'yan acaɓa ma ta wadatar. Takalmi kuwa, wanda ƙafarka ta saba da shi kuma ƙasansa ke da tsage-tsage ya fi sabo mai tsada, don sabon takalmi bororo yake yi wa ƙafa tun ranar farko. Makiyayan can da takalmin roba suke yawo, sun kuma fi mu sauri. In ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya ka manna filasta kafin ya tashi.

Guzuri irin namu ya fi na gwangwani sauƙin ɗauka: garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, gyaɗa, dakuwa, ganyen shayi. Ashana ko laita a cikin leda, tocila, da batirin cajin waya. Ruwan rafi komai haskensa shanu sun sha a sama, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana.

Batun lafiya, ni ba likita ba ne, kuma duk mai asma ko sikila ko ciwon zuciya a cikinku ya ga likitansa kafin ya sa ƙafa. Abin da zan ce kawai, ku tafi da gidan sauro, musamman don kwanan Jalingo da Serti, da gishirin zawo. Maciji ya fi yawa a ƙasan tudu, kuma a damina ciyawa ta rufe hanya, don haka sanda a gaba, tocila da dare. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A hana wurin motsi a nufi asibiti. A hanyarku za ku wuce Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, ku tambayi mutanen can ku ji yadda jinkiri ke kashewa.

Mutanen wurin

Ciyawar da ka gani shimfiɗe a hoto kamar ba ta da mai ita, kowane taku nata akwai mai shi. Ƙabilar Mambila da Kaka da Fulani da wasu suna zaune tare a ƙaramar hukumar Sardauna, yankin da ya zaɓi shigowa Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma maganar fili a can ba wasa ba ce, an yi rikici mai muni a kanta a 2017. Kada ku tsallake shinge, kada ku ratsa gona. In kun shiga ƙauye ku fara da gidan jauro ko mai gari, ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su waye da inda za ku, ku miƙa ɗan goro ko sukari da ganyen shayi. Shi zai nuna muku inda za ku kafa tanti, shi kuma zai ba ku yaro. Baƙo makahon gari ne, kuɗin ɗan rakiya kada ku yi ƙyashinsa. Hausa za ta yi muku aiki a kasuwa, amma Fulatanci ne ya fi yawo a ƙauyuka, ko gaisuwa kuka koya za ku ga bambanci. Kada a ɗaga waya a kan matan mutane ko shanunsu sai an tambaya.

Wurin bakin iyaka ne, kuma rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya koro 'yan gudun hijira zuwa wannan ɓangare na Taraba, saboda haka jami'an tsaro suna sa ido a kan baƙin samari masu manyan jakunkuna. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa da na makaranta a aljihu. Halin tsaro yana canzawa daga wata zuwa wata, abin da na gani a tafiyata ta baya ba zai zame muku hujja ba. Ku tambaya a makon da za ku tashi, ku kuma bar wa iyayenku sunayen garuruwan da za ku kwana da ranar da za su fara nemanku in ba su ji ku ba.

Shi Chappal Waddi kuwa, ku sa masa rana tsakanin Disamba da Fabrairu. Rafuka sun janye, acaɓa na iya kai ku Njawai daga Nguroje, daga can a ci gaba a ƙafa. Farkon Disamba ya fi mini, don in hunturu ya kankama ƙura kan rufe nesa, ga daren saman dutse da sanyi mai shiga ƙashi, sai da bargo na gaske. Tunda gandun daji ne, ku fara biyawa ofishinsu a Serti ku karɓi izini da ma'aikacin da zai raka ku. Kafin nan kuna da wata huɗu, ga Dala da Goron Dutse a cikin garinku. Ku cika jaka da robobin ruwa, ku fara da kilo 6 kuna ƙarawa, ku hau ku sauka sau da yawa duk ranar Asabar, da takalmin da za ku tafi da shi a ƙafa.